Su cat, bat, hat: a haddace su tare ko rikita yaro za a yi?

Ɗan_Zango77:
Salamu alaikum ƴan gurup. Tambaya gareni ga masu jin Turanci. Akwai wata dabara da naga ana yi, a jera gajerun kalmomi masu ƙarshe iri ɗaya a haddace su tare, kamar cat, bat, hat, rat, mat, fat. Harafin farko kawai ke canzawa amma ka tashi daga kyanwa ka koma jemage, hula, ɓera, tabarma, ƙiba. Ni a ganina babu hanyar da ta kai wannan sauri, ka riƙe at ɗaya ka samu kalma shida kyauta. Ƙanwata tana siziyem, ajin farko na sakandare, bana ta fara, nace ta riƙa yin haka, wani abokina a fada yace rikita ta kawai zan yi. Mi kuka gani?

Kabukabu_Dole:
Wane Turancin tukuna? Nan Damagaram in kace Turanci tsohuwata Faransanci zata ɗauka hhhh

Ɗan_Zango77:
Kai ma ka gane ai, Ingilishi nake nufi, Angile.

Nana_Birni:
Wa alaikumus salam. Gyara kaɗan yaya, hat malafa ce ko irin ta turawa mai baki kewaye, hular da ka sani ita ce cap. Kuma ga wasu nan a bayanta, cap, map, tap, nap, gap, hula, taswira, famfo, ɗan barcin rana, giɓi.

Mushe_Angile:
Malam Ɗan_Zango, dabarar ba ƙarya bace, da ita ake fara koya ma ƙananan yara karatu a Ingila kanta. Akwai ma tsarin da ake kira Jolly Phonics, su haruffa shida suke fara ba yaro, s, a, t, i, p, n, daga su kaɗai ya haɗa sat, sit, pin, pan, tin, tap, tip, ant, nap. Amma ka lura da abu guda. Yaron can tun kafin ya shiga lakwal ya san mi ne cat, yana ganinta a gidansu yana kiranta da sunanta, abin da ya rage mishi kawai ya gane yadda ake rubuta ta. Ƙanwarka aiki uku ke gabanta lokaci guda, rubutu, furuci da ma'ana. In ka zuba mata shida masu kama da juna, furucin zai zauna da sauri, ma'anar ce zata cakuɗe. Ina ganin haka a kilas kullum, yaro ya rera maka su duka kamar waƙa, ka ɗaga mishi mat ita kaɗai kace mi ce wannan sai yace ɓera. To abokinka yana da rabin gaskiya kai ma kana da rabi. Don karatu a jera su, don ma'ana a raba su a sa kowace cikin jimla.

Ɗan_Zango77:
Mushe to ai jimlar ma ana iya yi da su duka, the fat cat sat on the mat. Ga huɗu a layi ɗaya.

Mushe_Angile:
Eh wannan ta fi jerin banza. Amma sa ta zana abin a kaye, ƙatuwar kyanwa bisa tabarma. Sannan gobe ka tambaye ta a hargitse, kar ka bi layi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ku kuna maganar kyanwa da tabarma mu kuɗi ne ke shiga tsakani. Kano ba matsala, a Kantin Kwari Hausa ta ishe ka, amma masu turo mana kaya daga Sin da Dubai sai da Ingilishi a WhatsApp. Yaron da ke rubuta min saƙo ya taɓa rubuta ma wani I send the money alhali mun riga mun tura, shi kuma mutumin ya ɗauka cewa muke zamu tura, ya zauna jira bai ɗora kaya ba mu ma muna nan muna jira. Ashe send da sent ne, d da t kawai. Tun daga nan nasa ya rubuta su a bangon shago, send sent, spend spent, lend lent, pay paid. Ni ban yi lakwal mai nisa ba amma waɗannan ko cikin barci aka tashe ni na san su.

Kabukabu_Dole:
Hajiya Allah ya ƙara kasuwa, a ɗauke ni aikin rubuta saƙon mana, na iya yes da no

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗana riƙe babur ɗinka da kyau.

Etidiyan_UAS:
Ni abin da ya fi damun mu ƴan Nijar ba kamannin kalmomin da junansu bane, kamanninsu da Faransanci ne. Shekara shida yaro yana firamare idonsa ya saba, sai ya zo siziyem ya ga pain ya ɗauka burodi ashe ciwo ne. Ya ga four ya tuna wurin gasa burodi ashe huɗu ce. But da muka sani a filin ƙwallo a can amma ce. Or ba zinariya bace, ko ce. Main ba hannu ba, babba ko muhimmi. Coin ba lungu ba, kuɗin ƙarfe. Dent ba haƙori ba, loɓawar jikin mota in an buge ta. Chat kuma ku da kanku kun sani, kyanwar Faransa ita ce hirar Ingila, abin da muke yi yanzu. Harafi ko ɗaya bai canza ba, kuma duk gajeru ne. Dogaye irin su information, important, government su ne ma ke taimakonmu, ɗan Kano ya sha wuya a kansu mu mun same su a sauƙaƙe.

Nana_Birni:
Ka manta pet, tusa a Faransanci 😂😂 ranar da madam ɗinmu ta rubuta my pet a tablo kilas gaba ɗaya sai da ta kwanta don dariya, ita kuma dabbar da ake kiwo a gida don sha'awa take nufi.

Baba_Mai_Goro:
Akwai tsohon labarin nan na baƙon da ya shiga Kano yaga gidaje da motoci duk an rubuta For Sale, yace kai wannan Sale wane irin arziki Allah ya bashi.

Etidiyan_UAS:
Baba ai ta uku ce wannan. Bahaushe yace Sale mutum ne, mai Faransanci yace datti, mai Ingilishi yace na sayarwa ne.

Zara_Mirya:
Tunda an shigo da Hausa ku duba waɗannan, can, sun, gun, man, ban, kin, far. Duk in ka gansu a rubuce sai kace namu ne. Can iyawa ce ko gwangwani, sun rana, gun bindiga, man mutum namiji, ban hani, kin dangi, far nesa. Ni da su na fara koya ma yarana saboda suna basu dariya kuma abin da ya ba yaro dariya baya mantawa. Sai ince musu sun tafi gun man, su juya min kowace da ma'anarta ta Ingilishi, rana, bindiga, mutum.

Mushe_Angile:
Madam Zara wannan wasan yayi kyau amma a kula da baki. Sun ɗin su ba sun ake cewa ba, ya fi kusa da san, gun kuma gan. In yaro ya saba karanta u ɗin irin na Hausa zai daɗe bai rabu da shi ba. Asalin wahalar kenan ma. Haruffansu 26 amma sautukan sun kai wajen 44, wasula biyar a rubuce, a baki kuma kusan 20 a lafazin Ingila. Mu biyar garemu, gajere da dogo, sai ai da au. Shi yasa hat, hut, hot, heart ke shiga kunnenmu kusan abu ɗaya, haka bad, bed, bird, bud. Wannan jerin na biyu, wanda tsakiya ke canzawa, ya fi na Ɗan_Zango amfani nesa ba kusa ba, don shi ne ke horar da kunne.

Ɗan_Magarya:
Mushe ka bar p da f a baya. Mu nan bakin iyaka kullum muna ji, pan da fan, pull da full, pin da fin. Hausa bata da p nata na kanta shi yasa. Wani yazo sayen fanka yace a bashi pan sai a miƙo mishi kwanon suya.

Etidiyan_UAS:
Wannan ciwon ƴan Najeriya ya fi kamawa, mu Faransanci ya riga ya gyara mana p tun CI, ajin farko na firamare, su papa, pipe, patate. Namu ciwon th ne da h. Three ta koma tree ko sree, thin ta koma tin ko sin, sannan wasu su haɗiye h kamar Bafaranshe, hair ta zama air, heat ta zama eat, alhali h ɗin nan tana cikin Hausa tun daga sunan harshen.

Ɗan_Magarya:
Ɗan iniversite kar ka cika baki, na ji masu bak, takardar gama sakandare, da yawa suna cewa fatron.

Injiniya_Tanut:
Ni dai ina bayan abokin Ɗan_Zango. Dabarar tana aiki sati biyu ne sannan ta ci amanarka. Ka koya ma yarinya cut, hut, nut, but ta ji daɗi, gobe ta haɗu da put ta karanta shi pat. Ka bata bone, stone, phone sai ga one, done, gone kowace da hanyarta. Babbar kuwa ough. Tough taf, tauri. Cough kof, tari. Though zo ko kusa da haka, ko da yake. Through kamar sru, ta cikin abu. Thought kuma tunani, wani furucin daban. Haruffa huɗu iri ɗaya, baki biyar. Wace doka zaka bata a nan? Gara tun farko a gaya mata gaskiya, harshen nan kowace kalma sai an ji ta da kunne.

Kabukabu_Dole:
Wlh masu harshen nan da gangan suka yi don kar talaka ya iya

Etidiyan_UAS:
Faransawa ne suka ɓata musu shi. 1066 Guillaume na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, fada ta koma Faransanci shekaru aru-aru, daga nan komi ya dagule.

Malam_Tarihi:
Ɗalibi shekarar daidai ce amma ka ɗora musu laifin da ba nasu duka ba. Abin da Normandawa suka kawo kalmomi ne, shi yasa saniya tana raye cow ce in ta hau tebur ta zama beef, tunkiya sheep namanta mutton, kaji boeuf da mouton a ciki. Amma gh ɗin da Injiniya ke kuka da shi a kalmominsu na gado yake, kuma da can ana furta shi, wani sauti ne daga maƙogwaro kusa da خ na Larabci. Jamusawa har yau suna da shi, night ɗin Ingilishi su Nacht suke cewa. Haka k na knee da knife, da ana faɗinta. Abin da ya faru, William Caxton ya kafa injin buga littafi a Westminster a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, a daidai zamanin da bakin mutane ke canza dogayen wasula, wajen daga 1400 zuwa bayan 1600. Baki ya wuce rubutu ya tsaya. Abin da kuke gani a takarda furucin kakanninsu ne. Kuma mai Faransanci bashi da bakin yi ma kowa dariya, ver, vert, verre, vers duk abu ɗaya kunne ke ji, wa bai sha jan bik a dikte saboda su ba.

Nana_Birni:
Malam ka tuna min da eaux, haruffa huɗu don ace o kawai.

Alaramma_Karakara:
Ni ban san Ingilishi ba amma abin da kuke faɗi ba baƙo bane a wurinmu. Ba, ta, sa a allo jikinsu ɗaya, ɗigo ne ya raba su, haka jim, ha, kha. Tare muke koya ma almajiri su tun a babbaƙu, ba ma raba su don tsoron kar ya rikice, sai ya gane bambancin sannan a wuce farfaru. Amma fa da baki yake karɓa daga malami yana maimaitawa, ba a miƙa mishi allo ace je ka gane da kanka. Ina ga ku abin da ya ɓace muku kenan, kuna ba yara takarda babu murya.

Mushe_Angile:
Allah ya gafarta Malam ka faɗi abin da nake ta kewaye. Kilas mai yara fiye da yadda ya kamata, awa kaɗan a sati, yaushe kowane yaro zai furta a gyara mishi.

Sojan_Hausa:
Ni tambayata ma daban ce. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya maida Hausa harshen ƙasa, mi ya kai mu wahalar cat da rat? A koya ma yaran rubuta Hausa daidai tukuna, rabin gurup ɗin nan basu iya raba ƙ da k ba.

Injiniya_Tanut:
Karanta kundin har ƙasa ɗan uwa, shi ɗin ne ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Kuma matatar mai tana nan bakin hanyar Tanut tun 2011, kaje ka tambayi masu aiki da ƴan Sin da wane harshe takardun injuna ke zuwa. Ga Najeriya a ƙofarmu, ga waya a hannunka, duba da wane harshe take rubuto maka in ta lalace.

Sojan_Hausa:
Ban ce haram bane. Nace a fara da na gida.

Zara_Mirya:
Sojan Hausa ai namu ma bai tsira ba. Rubuta gari ka bani, na zama ne ko na tuwo? Kuka na ido ko na miya? Wuya ta jiki ko ta rayuwa? Fari launi ne ko rashin ruwa? Mu da muka tashi ciki murya ke raba mana su bamu ma lura, bature mai koyo haka yake kuka da mu.

Sojan_Hausa:
Wuyan jiki namiji ne madam, wuyar rayuwa mace. Ko a nan an raba.

Admin_Damagaram:
Jama'a a dawo kan tambaya, maganar siyasar harshe a buɗe mata nata zaren.

Mushe_Angile:
To bari in ba Injiniya amsa, don ban yarda babu doka sam ba. Akwai wadda ke aiki sosai, e ɗin ƙarshe da ba a furtawa. Hat malafa, hate ƙiyayya. Bit ɗan kaɗan, bite cizo. Not a'a ce ta korewa, note ɗan rubutu. Hop tsalle, hope fata. Cut yanka, cute abu mai kyau ɗan ƙarami. Tap famfo, tape kaset ko salatif. Ita e ɗin shiru take amma tana sa wasalin tsakiya ya faɗi sunansa na abacada. Yaro in ya kama wannan ya buɗe kalmomi masu ɗimbin yawa. Masu taurin kai suna nan, have, give, come, done, gone, kuma abin haushi su ne aka fi amfani da su kullum, amma ƙididdigaggu ne, a ware musu shafi guda a bayan kaye a haddace su daban. Ba don put ta yi tawaye zamu yar da cut, hut, nut, shut ba.

Injiniya_Tanut:
Mushe shafin nan naka na bayan kaye zai fi kayen kauri.

Sikirabul_Fada:
Mu masu buga sikirabul wani kallo muke musu, haruffa ɗaya a juya su. Stop, spot, post, pots, tops, tsaya, tabo ko wuri, gidan waya ko muƙami, tukwane, saman abubuwa. Eat, tea, ate, ci, shayi, ya ci. Now, won, own, yanzu, ya yi nasara, mallaka. Was da saw kuma su ne yara ke juyawa in suna sauri, haka on da no. Wanda ke ganin ɗan Afirka ba zai ƙware a kalmominsu ba ya tuna Wellington Jighere ɗan Najeriya, shi ya ci kofin duniya na sikirabul ɗin Ingilishi a 2015 a Ostireliya. Sai dai gaskiya a wasan ma'ana bata dame mu ba, akwai qi da za da nake ajiyewa in kwashi maki, kar ka tambaye ni in sa su a jimla.

Nana_Birni:
To kai ai misalin yaron Mushe ne da yace mat ɓera ce 😂

Baba_Mai_Goro:
Ni abin da ke bani mamaki ɗana yace min kalma ɗaya run tana nufin gudu, tana nufin tafiyar da shago, tana nufin injin yana aiki, har hanci in yana yoyo. Nace to su basu da kalmomi ne?

Malam_Tarihi:
Alhaji duba ci tamu. Ci abinci, ci kasuwa, ci bashi, ci amana, ci jarabawa, ci sarauta, ci mutunci, ci gaba, wuta ta ci gida. Haruffa biyu. Kowane harshe gajerun kalmominsa su suka fi ɗaukar kaya, don su suka fi tsufa a baki. Run, set, get, put haka suke a can. Shi yasa jerin da aka rubuta kalma ɗaya ma'ana ɗaya a gabanta yake yaudara, bat ɗin farkon zaren nan ma jemage ne kuma sandar buga ƙwallo ce.

Ɗan_Zango77:
Kai jama'a na tambayi hanya kun nuna min goma. Abin da zan yi dai zan ci gaba da jerin amma uku uku, da zane, kuma in sa ta ji muryar a waya kafin ta rubuta. Mushe in da hali ka riƙa turo mana voyis.

Mushe_Angile:
In rezo ya yarda. Amma lafazina na ɗan Damagaram ne, ku haɗa da ƙamus na waya mai furtawa.

Injiniya_Tanut:
Kafin ku watse ga jarabawa ga masu son jeri. Ear, bear, dear, fear, hear, near, pear, tear, wear, year. Wa zai raba min su gida biyu ba tare da ya duba waya ba?

Nana_Birni:
Ear, dear, fear, hear, near, year gida ɗaya, iya ake ji a ƙarshensu. Bear, pear, wear su kuma ea kamar na air. Tear ce ban san inda zan kai ta ba.

Zara_Mirya:
Gida biyu gareta. In hawaye ce tana wajen su fear, in yaga tufa ne tana wajen su wear.

Injiniya_Tanut:
Madam ta ci. Yanzu ƙara ma hear d a ƙarshe ku karanta, sannan ku cire d ɗin ku sa t.

Kabukabu_Dole:
Ni fasinja ya tsaida ni, in kun gama ku turo min amsar a inbos